Wane ma'auni ya dace da auna damuwar ɗaliban likitanci a Kano?

Ƙanwata tana aji shida a makarantar likitanci, kuma kamar kowane ɗan ajin ƙarshe, sai ta gabatar da aikin bincike a sashen lafiyar al'umma kafin ta zauna jarrabawar fita. Ita da 'yan rukuninta sun zaɓi su auna damuwa a tsakanin 'yan'uwansu ɗalibai. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta shigo gida da takardun tambayoyi har kala biyar, ta baje su a kan tabarma, ta ce, "Yaya, kowa da wanda yake yabawa. Wanne za mu ɗauka?"

Na riga ta bin wannan hanya da shekaru, shi ya sa ta zo wurina. Sai na ce mata ta fara gaya mini abin da suke son sani. Yawan damuwar suke nema? Ko abin da ke haddasa ta? Ko kuwa so suke su gano wanda abin ya riga ya kayar, yake bukatar ganin likita? A Dawanau da kwano ake auna hatsi, a Kantin Kwari da yadi ake auna shadda, mahauci kuma sikeli yake ɗorawa. Waɗannan takardu biyar ma haka suke, kowace da abin da take aunawa, duk da cewa a bakinmu kalma ɗaya muke kiran su duka da ita.

Kalmar kanta ita ce matsala ta farko. "Damuwa" a Hausa ta haɗa matsin da mutum ke ji idan aiki ya fi ƙarfinsa, da fargabar abin da bai zo ba tukuna, da ƙuncin zuciyar da ke raba mutum da jin daɗin komai, wanda yanzu ake kira ciwon damuwa. A wurin likita abubuwa uku ne daban. Na farko kusan kowane ɗalibin likitanci yana da shi gab da jarrabawa, kuma yakan sauka idan an gama. Na ƙarshen kuwa ciwo ne mai bukatar magani. A 2016 mujallar JAMA ta Amurka ta buga wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe 43, aka samu kashi 27.2 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da ciwon damuwa ko alamunsa, kashi 11.1 sun taɓa tunanin kashe kansu, kuma cikin waɗanda aka ga alamun ciwon a tare da su kashi 15.7 ne kawai suka nemi magani. Wanda duk ya haɗa waɗannan alƙaluma da sakamakon ma'aunin matsi, ya ce abu ɗaya ne, ya ɓata lissafinsa tun daga tushe.

Mu fara da PSS, ma'aunin yadda mutum ke jin matsi, wanda shi ne ya fi yawo a hannun ɗalibai. Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka fitar da shi a Amurka a 1983 da tambayoyi 14, daga baya aka taƙaita zuwa 10, kuma mai goman ne aka fi aiki da shi yau. Yana tambayar mutum game da wata ɗaya da ya wuce: sau nawa ka ji al'amura masu muhimmanci a rayuwarka sun kuɓuce maka, sau nawa ka ji matsaloli sun taru har ba ka ga ta inda za ka ɓullo musu ba. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 4, jimilla daga 0 zuwa 40. Minti uku zuwa biyar ya isa a cike shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda za ka tare shi tsakanin zagayen duba marasa lafiya da lacca.

Abin da nake so game da shi shi ne ba ya tambayar abin da ya faru da kai, yadda ka ji nauyin abin yake tambaya. Ɗalibai biyu za su faɗi jarrabawa ɗaya, ɗaya ya karkaɗe riga ya koma karatu, ɗaya ya yi sati bai fito daga ɗaki ba. PSS yana iya raba su. Amma akwai wurare biyu da ake yawan tuntuɓe. Tambayoyi huɗu daga cikin goman, ta 4 da ta 5 da ta 7 da ta 8, a juye ake lissafa makinsu, domin suna tambaya ne a kan ƙarfin gwiwa da iya shawo kan al'amura. Wanda ya manta ya juya su, duk sakamakonsa ya lalace ba tare da ya sani ba. Na biyu, rabon nan da ake gani a ko'ina, wai 0 zuwa 13 ƙarama, 14 zuwa 26 matsakaiciya, 27 zuwa 40 mai tsanani, al'ada ce ta masu bincike kawai. Ba a ƙirƙiri PSS don gano ciwo ba. Amfaninsa na gaske yana wajen kwatanci: 'yan aji uku da 'yan aji biyar, maza da mata, masu kwana a makaranta da masu jeka-ka-dawo daga Rijiyar Zaki ko Hotoro, masu aure da marasa aure.

GHQ-12 kuma wani abu ne daban. Likitan ƙwaƙwalwa David Goldberg ne ya samar da asalinsa a Ingila a farkon shekarun 1970, don tace mutanen da ƙila suna da larurar ƙwaƙwalwa da ta kai a duba su. Yana da tarihi a ƙasar nan, domin Farfesa Oye Gureje da abokin aikinsa sun gwada ingancinsa a Ibadan tun 1990 a wurin masu zuwa ƙananan asibitoci, kuma malamai da yawa sun saba da shi, ba za su yi maka gardama a kansa ba ranar kare aiki. Tambayoyinsa 12 sun taɓa barci, da tattara hankali, da jin kai ba ka da amfani, da raguwar yarda da kai.

Sai dai ni ban ba ƙanwata shawarar ɗaukarsa ba, kuma dalilina ɗaya ne mai nauyi. Amsoshin GHQ kwatanci suke yi da yadda ka saba: kamar kullum, fiye da kullum, ƙasa da kullum. To ka ɗauki yaron da tun aji biyu, lokacin da ya fara karatun sassan jiki da fiɗar gawa, bai sake yin barcin awa shida a jere ba. Yanzu yana aji biyar. Ka tambaye shi ko damuwa ta hana shi barci a 'yan makonnin nan, zai ce maka ba fiye da yadda ya saba ba, kuma gaskiya ya faɗa. A lissafin da aka fi bi, wanda ke ba amsoshi biyun farko sifili, biyun ƙarshe maki ɗaya-ɗaya, wannan yaro sifili zai samu. Ma'aunin ya ƙware wajen kama sabon canji, amma yana iya tsallake wanda wahalarsa ta daɗe har ta zama jiki. A makarantar da ake shekara shida, wani lokaci fiye, wannan gurbi ne babba. Ga kuma batun layin da ake yankewa: wani bincike ya ce daga maki 3 zuwa sama ne ake ganin akwai matsala, wani ya ce daga 4, sai ka ga alƙaluman makarantu biyu sun sha bamban alhali bambancin na lissafi ne. Sannan takardar tana da haƙƙin mallaka a hannun wani kamfani na Ingila, sai an nemi izini.

Wanda ya fi jan hankalin 'yan rukunin shi ne DASS-21, na Lovibond da Lovibond daga Jami'ar New South Wales ta Ostiraliya, 1995. Dalilinsu a fili yake: kyauta ne, kuma jifa ɗaya yake kakkaɓo abu uku, tambayoyi bakwai kan ƙuncin zuciya, bakwai kan fargaba, bakwai kan matsi. Wato ya raba abin da kalmarmu ta haɗe, kuma wannan ya sa nake ganin girmansa. Yana tambaya a kan sati ɗaya da ya wuce, maki 0 zuwa 3. Idan aka tara makin kowane ɓangare sai a ninka shi biyu kafin a duba matakinsa, domin an tsara matakan ne a kan doguwar takardar mai tambayoyi 42. A ɓangaren matsi, 0 zuwa 14 daidai ne, 15 zuwa 18 kaɗan, 19 zuwa 25 matsakaici, 26 zuwa 33 mai tsanani, 34 zuwa sama kuma ya kai maƙura. Mantuwar ninkawar nan tana sa aji guda ya fito kamar kowa lafiya lau.

Amma na ce mata ta karanta tambaya ta biyu da ƙarfi. Tambayar tana cewa: na lura bakina yana bushewa. Sai ta ɗago ta dube ni. A Kano, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko cikin hunturu da iska ke fasa leɓe, ko cikin azumi, wa zai ce bakinsa bai bushe ba? Haka tambayar bugun zuciya ba tare da an yi aikin ƙarfi ba, da ta rawar hannu: ɗalibin da ya kwana yana shan kofi da lemon ƙara kuzari, ko yana cin goro don kada barci ya ɗauke shi, zai amsa da e, sai makinsa na fargaba ya hau. Ɓangaren matsi bai da wannan matsalar sosai, shi yana tambaya ne a kan saurin fushi, da kasa sakin jiki, da ƙosawa idan wani abu ya tsayar da kai daga aikin da kake yi. Ga kuma gajartar satin. Idan ka raba takardar ana saura kwana biyar jarrabawar nan ta ƙarshen karatun sassan jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, wadda kowa ya san ita ce ke raba aya da tsakuwa, zafin jarrabawa ka auna, ba halin da ɗalibai suke ciki a shekara ba. Duk da haka, ga wanda tambayarsa ita ce "nawa ne abin ya wuce matsi ya fara zama ciwo", DASS-21 ya fi PSS da GHQ amfani, matuƙar an zaɓi lokacin da ya dace kuma an rubuta watan da aka tattara bayanan.

Duk ukun nan babu wanda zai gaya maka me ke damun ɗalibin. A nan MSSQ, takardar gano abubuwan da ke jawo matsi, ya shigo, kuma shi kaɗai ne cikin biyar ɗin aka ɗinka musamman don ɗaliban likitanci. Muhamad Saiful Bahri Yusoff da abokan aikinsa na Jami'ar Sains Malaysia suka wallafa shi a 2010. Abubuwa 40 ya jera, ɗalibi ya nuna yawan matsin da kowanne ke jawo masa daga 0 zuwa 4, an kasa su gida shida: karatu da jarrabawa, hulɗa da mutane da abin da ke cikin ran mutum, koyo da koyarwa, zamantakewa, sha'awar karatun tun asali, da aikin rukuni. Idan ka karanta jerin za ka ji kamar wanda ya rubuta shi ya zauna a ajinku. Akwai yawan abin da za a haddace, da kasa amsa tambayar malami a gaban jama'a, da ganin mara lafiya yana mutuwa, da cin mutunci daga malami ko ma'aikaci ko ɗalibi, da kuma wanda ya fi taɓa ni, burin iyaye na cewa lallai sai ka karanta likitanci. Gidaje nawa ne a garin nan aka fara kiran yaro "Dakta" tun yana sakandare, ba tare da an taɓa tambayarsa ba?

Amfanin MSSQ shi ne sakamakonsa yana da inda za a kai shi. Idan ka je gaban shugabannin tsangaya ka ce matsakaicin makin ɗalibai a PSS 22 ne, za su gyaɗa kai, shi ke nan. Idan kuwa ka nuna musu cewa 'yan aji huɗu sun fi kokawa da rashin sanin abin da ake bukata daga gare su a ɗakunan marasa lafiya, ka ba su abin da za su iya gyarawa a zangon karatu mai zuwa.

Rauninsa biyu ne. Yana da tsawo, mutum yakan gaji daga tsakiya ya fara zaɓar lamba ɗaya har ƙasa. Sannan a Maleshiya aka ɗinka rigar. Cikin abubuwa 40 ɗin babu kuɗin makaranta, babu kuɗin adaidaita sahu da ya ninka bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, babu ɗauke wuta a daren jarrabawa, babu yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas tun daga Fabrairu har Oktoba, wanda ya sa mutum bai san shekarar da zai gama ba. Babu ɗalibar da ke da ciki ko goyo, tana barin jariri wurin kakarsa ta tafi kwanan asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shawarata ita ce a bar tambayoyi 40 ɗin yadda suke, kada a cire kada a sauya, domin da zarar an taɓa su ba za a iya kwatanta sakamakon da na wasu ba. Sai a ƙara wani sashe daban a ƙasa mai tambayoyi shida ko bakwai na gida, a lissafa shi shi kaɗai, a kuma faɗa a rahoto cewa ƙari ne na masu binciken.

Takarda ta biyar ita ce ta Maslach, wadda Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar a 1981 don auna ƙonewar ƙarfi: gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, da fitar aikin daga rai, da jin ba ka tsinana komai. Ma'auni ne mai kyau ga 'yan aji biyar da shida da likitoci masu neman ƙwarewa, amma da dala ake sayen izininsa, kowace takarda da kuɗinta. Ɗalibin da ke haɗa kuɗin buga takardu da karo-karo ya bar shi. Idan ƙonewar ƙarfi ce tambayar, akwai ma'aunin Copenhagen na 2005 mai tambayoyi 19, kyauta.

Wani ɗan rukunin ya kawo shawarar a bar takardu gaba ɗaya a auna kotisol, sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa idan mutum yana cikin matsi, tunda jiki ba ya ƙarya. Na fahimci abin da ya ja shi. Mu mutane ne da ko ana ɗauke da mu a gadon asibiti aka ce "ya jiki" sai mu ce "da sauƙi, alhamdulillahi", kuma ɗalibin da aka tarbiyyantar a kan haƙuri da ɓoye sirrin ciki zai iya jin cewa amsa "ina jin matsaloli sun fi ƙarfina" kamar rashin tawakkali ne. Sai dai kotisol ba shi da sauƙin da ake zato. Yana hawa ƙololuwa kimanin minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, ya riƙa sauka har dare, don haka sai an ɗauki yawu sau da yawa a rana a kan lokaci tsayayye. Wanda ya tashi asuba ya koma barci, da wanda ya kwana a ɗakin haihuwa, da mai tashi sahur, kowa agogon jikinsa daban. Ga kuɗin kayan gwaji, ga firjin da zai riƙe samfur ba tare da wuta ta yanke ba. Auna kotisol a gashi ya fi dacewa da damuwa mai daɗewa, tunda gashi na tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, santimita uku na kusa da fata sai su ba ka labarin wata uku. Amma samarinmu aski suke yi ƙasa-ƙasa duk sati biyu, 'yan mata kuma kansu a kitse yake a rufe, kuma neman a yanki gashin mutum daga ƙeya a tafi da shi abu ne da mutane da yawa a nan ba za su sake da shi ba, ko da ɗaliban likitanci ne. Wannan aikin masu digiri na uku ne da ke da tallafi. Agogon hannu mai auna bugun zuciya kuwa, lambar "damuwa" da yake nunawa lissafin kamfani ne da ba a bayyana yadda ake yin sa ba, ba abin dogaro ba ne a bincike.

Batun harshe bai ba mu wahala ba. Da Turanci ake koyar da likitanci, don haka a raba takardun da Turancinsu na asali. Wanda zai faɗaɗa aikin zuwa ma'aikatan da Hausa ta fi musu sauƙi, kada ya zauna shi kaɗai ya fassara a dare ɗaya: mutum ɗaya ya mayar Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta, sannan a gwada a kan mutane kaɗan.

Yadda za a raba takardar ma yana iya rinjayar sakamako fiye da zaɓin ma'aunin. Idan aka tura ta a zauren WhatsApp na aji, waɗanda suka fi shiga ƙunci su ne ba za su buɗe ba, sai masu sauran kuzari su cike. Idan aka raba a ɗakin lacca, na kusa da kai yana leƙen amsarka, kuma a ajin da kowa ya san kowa, shekaru da jinsi da jiha da matsayin aure sun isa a gane mutum ko babu suna. Na fi son takarda a cikin ambulan, a ba mutum ya tafi da ita, ya jefa a akwati rufaffe cikin kwana biyu, a kuma rage tambayoyin da ke tona ko wane ne. Lokaci kuma a zaɓi tsakiyar zango, nesa da jarrabawa da aƙalla wata guda, ba cikin azumi ba. Wanda yake da hali ya auna sau biyu, tsakiyar zango da gab da jarrabawa, a kan mutane ɗaya. Bambancin da ke tsakani ya fi kowace lamba guda faɗar gaskiya.

To ga inda na tsaya. Mai son kwatanta aji da aji cikin ƙanƙanin lokaci da kuɗi, PSS-10 ya ishe shi. Mai son a gyara wani abu a makaranta, ya haɗa PSS-10 da MSSQ da ɗan sashen tambayoyin gida. Duka ba za su wuce minti ashirin ba, kuma wannan haɗin na fi ba ɗaliban ajin ƙarshe shawara. DASS-21 na wanda ke son rarrabe matsi da fargaba da ƙunci ne, kuma sai idan akwai likitan ƙwaƙwalwa cikin masu duba aikin. GHQ-12 ya dace da asibitin makaranta wajen tace sababbin ɗalibai ko bibiyar canji, ba auna wahalar da ta daɗe ba.

Sharaɗi ɗaya na kafa wa ƙanwata, kuma ban sassauta ba. Kafin su kai takardar neman izini gaban kwamitin ƙa'idojin bincike, su je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa su samu likita guda da ya yarda a sa lambarsa. A Kano akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Cikin mutum ɗari biyu ko uku da za su cike takardar, akwai wanda wannan ne karo na farko da wani ya tambaye shi yadda yake ji, kuma tunda babu suna, masu binciken ba za su taɓa sanin ko wane ne ba balle su neme shi. Hanya ɗaya ita ce shi ya san inda zai je.

Ta ce, "Yaya, in muka sa a shafin ƙarshe ai zai tafi cikin akwati tare da amsoshin."

Sai suka buga lambar a wata 'yar takarda daban mai girman katin waya, suka saka ɗaya a cikin kowace ambulan, da rubutu a samanta cewa wannan taka ce, kada ka dawo da ita.